Hannun da Ke Leƙowa ta Tagar Masallaci

Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Surukina, mahaifin maiɗakina, wanda duk unguwarmu a Gwadangaji ke kira Baba Ladan, ya riga mu gidan gaskiya wata Talata bayan la'asar. Kwana uku na yi a ƙofar gidansa muna karɓar gaisuwa, kuma tun da nake ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba.

Ni malamin asibiti ne, a ƙaramin asibitin unguwa nake aiki. To duk dattijon da ya zo, in ya yi addu'a ya shafa, ya ce mana ya haƙuri, sai in ga ya muskuto kusa da ni ya fara naɗe hannun riga. Na farko na ɗauka zafi ne ya dame shi. Da na biyu da na uku suka yi haka, sai na ce lafiya?

Wani tsoho ya ce, "Malam, ba ka taho da abin ba?"

Na ce, "Wane abu, Baba?"

"Abin awon jini mana. Da marigayi shina nan, ai ba shi bari a taru haka a watse ba a auna kowa ba."

Dole na aika gida aka ɗauko mini na'urar. Haka muka yi makokin, Liman na addu'a a gefe ɗaya, ni ina ɗaure dantsen mutane a ɗaya gefen.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne mai shayin bakin masallaci, kuma yana kukan yana kai ƙara. Ya ce, "Mutumin ga ya kashe man kasuwa. Da cokali huɗu nika zuba ma kowa na sukari, yanzu wanga shi ce ɗaya, wancan shi ce ko ɗaya kar in sa." Ya share hanci da gefen riga, ya ɗago ƙafarsa ta dama ya nuna mana. "Amma ƙahwag ga da kuka gani, ba don shi ba da tuni an yanke ta."

Rana ta biyu sai ga wani dattijon coci, mutumin Kudu mai sayar da kayan gini, wanda ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya zo da mutanensa, suka cire takalma suka zauna a tabarma. Ya ce wata rana yana shago Baba Ladan ya tsaya masa a ƙofa, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Wai ku jininku ba shi hawa?" Daga wannan tambayar ne muka fara kai awo harabar cocinsu ranar Lahadi. Dattijon ya ce matarsa a nan aka gano nata ciwon sugan, sai ya dubi ƙasa.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a ce gaba wai asibiti ne ya kawo awo masallacinmu. Asibiti ya kawo na'ura da takarda. Wanda ya kawo mutane Baba Ladan ne.

Yadda abin ya faro, shugabanninmu a wurin aiki suka ga mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai an ɗauko su ranga-ranga. Hawan jini da ciwon suga kuwa ba sa sallama, suna cin mutum yana tafiya yana dariya. Aka ce to mu je inda jama'a ke taruwa, mu kafa tebur bayan sallar Juma'a. Ni aka tura kwamitin masallacinmu in nemi izini. Wani ya ce masallaci ba asibiti ba ne. Wani ya ce ciwon suga na masu kuɗi ne, shi me ya ci? Wani kuma ya ce in aka auna mutum aka gaya masa, fargabar ce ma za ta kashe shi. Har na fara tattara takarduna, sai Baba Ladan ya yi gyaran murya daga bayan Liman. Bai dube ni ba, bango ya duba.

Ya ce, "Ni ka sanarwar jana'iza unguwag ga. Kullum sai in ce wane ya rasu kwatsam, jiya munka yi isha'i da shi. Na gaji da hwaɗin kwatsam. A bar mutanen asibiti su aza teburinsu."

Liman ya ce a aza. Juma'ar da ta biyo kuma ya yi huɗuba a kan amanar jiki.

Baba ya ɗauki abin nan kamar shi ya ƙirƙiro shi. Da an sallame salla zai kama lasifika ya ce kada kowa ya gusa. Da ya lura wasu na sulalewa ta ƙofar baya, sai ya shiga kwashe takalmansu tun ana huɗuba, ya jibge a ƙarƙashin teburina. Mutum zai fito yana dube-dube, Baba ya ce masa cikin ladabi, "Takalminka shina wurin mutanen asibiti. In an auna ka sai ka ɗauka." Na taɓa auna wani babban ma'aikacin gwamnati yana tsaye da safa, yana huci, jininsa kuwa ya hau ƙwarai, ban sani ba ko na ciwo ne ko na fushi.

Rigimar da aka daɗe ana tunawa ita ce tasa da mai goro na bakin titi. Mai goro ya daina shan maganinsa, Baba ya ji labari, ya faɗa a lasifika da suna da sunan uba. Mai goro ya zo har gida ya ce an tona masa asiri, surukansa ma sun ji. Ni kuwa ba ni da bakin yi wa Baba gyara, sai na bi ta wurin Liman na ce a fahimtar da shi cewa ciwon mutum sirrinsa ne. Baba ya karɓi gyara hannu bibbiyu. Juma'a ta gaba ya ce, "Akwai wani bawan Allah, an hana ni hwaɗin sunanai, kuma ba ni hwaɗi. Shina sai da goro bakin titi, shina da jan babur. To shi ji tsoron Allah shi sha magani." Wata biyu mai goro bai gaishe shi ba. Amma ya koma kan maganin, kuma shi ne ya kama gaban makara ranar jana'iza.

Duk wannan hidima, mutum ɗaya ne a unguwar bai taɓa zama kan bencina ba, shi ne Baba Ladan da kansa. Dalili kuwa ni ne.

'Yarsa ta fari nake aure, wadda ko sunanta bai taɓa kamawa ba. Ni kuma tun ranar da aka ɗaura mana aure ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in zan gaishe shi daga nesa nake durƙusawa. In ya hango ni a kan layi sai ya tuna yana da saƙo a wani layin. Bai taɓa ce mini kai ba. Ni kaɗai ne a teburin, amma kullum "mutanen asibiti" nake. To mutumin da muke haka da shi, ta ina zan ce masa ya naɗe riga in kama dantsensa? Ta ina zan tambaye shi sau nawa yake fitsari?

Ga shi kuma idona na aiki ba ya rufuwa. Na ga yana sabunta alwala tsakanin kowace salla har sau biyu. Na ga gorar ruwa ba ta barin hannunsa. Na ga rigunansa sun yi masa yawa. Wata rana ya kira la'asar tun da sauran kusan rabin awa, don ya dubi agogon bango bai ga hannun da kyau ba. Mutane suka yi ta dariya, ni ban yi ba, don na san abin da ke taɓa ido haka.

Na ce da maiɗakina ta yi masa magana. Ta ce, "Ni? Ni da ko zama ba ya yi in ina tsakar gida? Kai ne malamin asibiti."

Na ce, "Ke ce 'yarsa."

Ta ce, "Kai ne ka ga ciwon."

Muka kai wa Inna, mahaifiyarta. Inna ta ce ita shekara arba'in tana ce masa ya rage sukari a fura, ƙarawa yake yi. Na turo abokin aikina wata Juma'a, ni na ƙi zuwa. Baba ya tara masa mutane, ya kwashe masa takalma, da aka zo kansa ya ce ai wannan yaron tare suka zo ɗaurin aure da mutanen asibiti, shi ma suruki ne.

Da maganar ta yi yawa sai ya kawo tasa dabarar. Baba mutumin Argungu ne, can danginsa suke. Wata Juma'a ya zo da taubashinsa, wani masunci siriri, baƙi, ba tsoka ko ɗaya a banza. Ya zaunar da shi kan benci, ya juya mana baya, ya ce da Liman, "A auna wanga. Mako guda anka haihe mu, nono guda munka sha, tuwo guda munka ci. In nashi lahiya lau, nawa lahiya lau."

Na auna masunci. Jininsa kamar na saurayi. Baba ya ce alhamdu lillahi, ya shafa, ya ce a shaida wa mutanen gida su kwantar da hankalinsu. Masuncin kuwa har ya tafi yana tsokanarsa, wai tunda jikinsu ɗaya, daga yau shi zai riƙa ci wa Baba namansa na salla.

Na yi dariya tare da kowa, kuma ina jin kunyar wannan dariyar har yau. Shekara biyu ina kallon ciwo na cin mutumin da ya ba ni 'yarsa, na'ura na cikin jakata, na kasa buɗe baki. Baƙo daga ko'ina in ya zauna a bencina ina yi masa faɗa kan gishiri da dunƙulen miya. Nawa na gida na bar shi, ina kiran abin ladabi.

A Argungu asirinmu ya tonu. An yi haihuwa a gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, muka tafi suna gaba ɗaya a mota guda, shi a gaba ni a can baya, ba wanda ya yi tari. Bayan an raɗa suna aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, da lemon kwalba. Ni ina waje da samari. Wajen azahar sai na ji salati daga cikin gida. Baba ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce masa, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, bakinsa ya ɗan karkace, magana ta ƙi fita sosai. Kafin in shigo an kwantar da shi a ɗakin Gwaggo, har ya fara dawowa daidai. Yana jin muryata a tsakar gida ya ce a sako labule.

Na tsaya a bakin ƙofa da jakata, na durƙusa, na ce, "Sannu Baba." Daga ciki ya ce, "Lahiya lau, santsi na." Wai santsi ne, a ƙasa busasshiya.

Gwaggo mace ce da ba ta tauna magana. Ta dube ni, ta dubi labulen, ta ce, "To ku ji man mutanen ga. Wanga shina da magani cikin jikka, wancan shina da ciwo cikin jiki, kunya ta tsaya tsakani tana jiran gawa. Ni ba ni da wani wa in ba shi ba." Ta ce da ni, "Zagaya bayan ɗaki, ka tsaya ga taga."

Na zagaya. Ina jin suna ja-in-ja a ciki, tana cewa ai ba ganin ka zai yi ba. Can sai ga hannu ya leƙo ta taga, an naɗe rigar har kafaɗa, Gwaggo na riƙe da shi ta ciki kamar za a yi wa yaro allura. Na durƙusa a ƙasan tagar na ɗaura na'ura. Abin da na gani ya sa na sake aunawa. Na soki yatsa na duba suga, shi ma ya wuce inda ake wasa.

Ban san yadda zan faɗa ba, sai na ji bakina ya ce, "Gwaggo, a gaya wa mai hannun nan yanzu za mu tafi babban asibiti."

Sai muryar Baba ta ce, "Za a gaya mai."

Kwana shida ya yi a kwance. Likita ya ce Allah ne ya tsare, gargaɗi ne jikin ya yi. Ƙafa da baki suka dawo daidai, amma idon hagu suga ya riga ya gama da shi, ba abin da za a iya yi.

Da ya warware ya koma kiran salla, sai na shiga tunanin yadda za a ci gaba, don wannan awo ba na rana ɗaya ba ne. Ashe shi ma ya yi nasa tunanin. A jikin masallacinmu akwai ɗan ɗakin da ake ajiye kayan lasifika, yana da taga mai kallon baya, wajen bishiyar dogon yaro. Juma'ar farko, bayan kowa ya watse ina naɗe kaya, Liman ya zo ya ce mini a hankali wai akwai wani bawan Allah da ke jira ta baya. Na zagaya, na tarar da hannu a taga.

Haka muka yi shekara bakwai. Ni ina waje a durƙushe, shi yana ciki. In ce a tambayi mai hannu ko yana shan magani a kan lokaci, ya ce an ce ana sha. In ce a gaya masa an ga furar jiya a cikin awon nan, ya ce za a bincika. Wani lokaci ma mai hannun ya kan kawo ƙarar Inna, wai a gaya wa mutanen asibiti miyar gidan ta zama ruwan wanke kwano. Mun yi hira ta wannan taga fiye da duk wadda muka yi tun da na shigo danginsu. In muka haɗu a layi bayan minti goma kuwa, zai tuna da saƙonsa na wani layin.

Mun ɗauka ban da Liman ba wanda ya sani, sai ranar da ya manta bai kashe lasifika ba. Na ce a tambayi mai hannu sau nawa yake tashi fitsari kafin asuba. Ya ce, "An ce sau biyu. Da can sau biyar na." Na ce a tambaye shi zancen ƙosan da aka gan shi da shi. Ya ce, "Wanda yag gani, shi ji da idonai." Duk wannan yana fita ta saman hasumiya, har masu keke a bakin titi sun tsaya suna saurare. Mai goro ne ya rugo yana haki, yana dariya har da hawaye, ya ce, "Ladan, kashe abin! Ba mu hwaɗin sunanka, amma duk Gwadangaji ta ji!"

Na ce shi ke nan, taga ta rufu. Kwana uku Baba bai fito ba, na'ibinsa ne ya yi ta kiran salla. Amma Juma'ar da ta zagayo, da na je baya, hannu na gani ba nasa ba, fari, mai kauri. Na auna, na ce a gaya wa mai shi abin da ya kamata. Ya janye, wani ya leƙo. Ashe unguwar cike take da masu irin ciwonmu: wanda ba ya son yaransa na kasuwa su gan shi a layi, wanda surukinsa ke cikin jama'a, wanda ya taɓa rantsuwa a majalisa cewa shi ba a auna shi. Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin yana shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ba ya bari biyu su haɗu. Akwai hannun da na gane da zoben azurfa, wanda nake gani kowace Juma'a riƙe da takardar huɗuba. Na ce a gaya wa mai shi ya rage man shanu, aka ce za a gaya masa.

Ciwon ajalinsa bai ja ba. Ƙoda ce ta gaza, ga shekaru. Da likitoci suka ce a kai shi gida a yi ta addu'a, aka kwantar da shi a ɗakinsa, wanda tagarsa ke can sama kusa da rufi. Ranar Talatar, bayan azahar, Inna ta fito ta ce ana kiran mutanen asibiti. Na ce in tsaya daga ƙofa? Ta ce a'a, cewa ya yi a shigo.

Ban taɓa shiga ɗakin nan ba. Na shiga da sallama, kaina a ƙasa. Da na saci kallo sai na ga ya ja mayafi ya rufe fuskarsa ruf, ya miƙo hannu ɗaya waje, an naɗe rigar. Na durƙusa na ɗaura na'ura. Dantsen ya zama ƙashi, sai da na zagaya maɗaurin sau biyu. Kafin in kunna, hannun ya juyo ya kama nawa ya riƙe.

Daga ƙarƙashin mayafi ya ce, "A gaya ma mai awo, na san shina tuhumar kainai kan idon ga. Shi bari. Kunyar ta mu biyu ce, kuma tawa ta hi yawa."



Ya huta, ya ja numfashi, ya ce, "A ƙara gaya mai, ɗiyar da nib ba shi, ban yi kuskure ba."

Ina so in ce Baba na gode, in ce ka yafe mini, in yaye mayafin nan in ga fuskarsa sau ɗaya a kusa. Hawaye na zuba a kan na'urar. Na riƙe hannun da hannuwana biyu, na ce, "Za a gaya masa."

Ban kunna na'urar ba. Muna nan a haka har na'ibi ya kira la'asar, Inna ta shigo ta ce in je in yi salla. Kafin in dawo ya cika.

Allah Ya jiƙan mai hannun nan, Ya yafe masa, Ya sa ya huta.